Gishirin da Ya Tsare Kansila

Almu yana da wata takwas da kwana goma ranar da Malama Ruth ta shigo da ƙwayoyinta gidanmu. Na riƙe lissafin ne don a satin ya fara rarrafe. A satin ne kuma soja suka miƙa mulki, rediyo ba ta da zance sai wannan. Ni kuwa ba ni da zance sai na Almu, wanda duk abin da hannunsa ya kai sai bakinsa ya ɗanɗana.

Gidan haya muke a Ƙofar Kaura, ɗaki uku da tsakar gida doguwa. In ka shigo daga zaure, ɗakin Malama Ruth ne na farko. Can ciki sai nawa, sai na Malam Gwadabe da matarsa Hajara. Maigidana Salihu direban babbar mota ne, lokacin yana hanyar kudu. Malama Ruth 'yar kudancin Kaduna ce, tana koyar da kimiyya a wata kwaleji, tana kuma ƙaro karatu. Mutuniyar kirki ce, ita ta raka ni asibiti ranar haihuwar Almu. Shi kuwa Malam Gwadabe ya ci zaɓen kansila, ana jiran rantsar da su ranar Alhamis, kuma tun da ya ci ɗin in ba ka ce masa Honarabul ba, kunnensa ba ya ji da kyau.

Ranar Litinin da la'asar ina ɗinki a ƙofar ɗaki sai ga Malama Ruth ta shigo da kwali a hannu, tana taka ƙasa a hankali kamar amarya.

Na ce, "Sannu da zuwa, Malama. Ƙwai ne?"

Ta ce, "Ina fa, Maman Almu. 'Ya'yana ne. Wutar ɗakin gwajinmu ta lalace, ga shi sai na auna su duk bayan awa biyu. Kwana huɗu kawai za su yi mana."

Ta buɗe kwalin na leƙa. Faranta ne na gilas, ƙanana, masu murfi, an naɗe bakinsu da salatif. A cikin kowane akwai wani abu kamar kokon da ya huce ya kama jikinsa, a tsakiya kuma ɗan farin ɗigo kamar an ɗiga nono.

Ta ce sunansu bakteriya.

Na ce, "Ƙwayoyin cuta ke nan?"

"Danginsu ne, amma waɗannan ba sa sa cuta. Na makaranta ne."

Amma ni dai ban ga yadda shiga makaranta za ta canza wa mutum dangi ba.

Ta ci gaba da bayani, tana murna. Ta ce waɗannan ba irin na ko'ina ba ne, aure aka yi musu kamar yadda ake yi wa mangwaro. An ɗauko wani abu daga halittar wata ƙwaya da ke zaune a teku, aka dasa musu. Wani malaminsu ne ya zo da su daga ƙasar waje.

Na ce, "Tafiya suke yi?"

"Sosai ma! Suna da 'yar wutsiya da ke juyawa kamar fanka. Masu ƙoƙarin cikinsu sukan ci rabin inci cikin awa biyu. Aikin nawa duk a kan gishiri ne, ina duba abin da yake yi wa tafiyar tasu."

Nan agogonta ya yi ƙara, ta ɗauki rula ta shige ɗaki. Ni kuwa na waiwaya na ga Almu ya baro tabarma, ya nufi ƙofarta, yawu na zuba. Na sure shi na goya. Daga wannan lokacin na yanke cewa ƙafarsa ba ta ƙara taɓa ƙasa sai na san inda aka kwana.

Washegari da rana, da gida ya yi shiru, na ɗauki tef ɗin ɗinkina na auna daga ƙofar Malama Ruth zuwa tawa. Yadi tara cif. Na zauna da fensir a bayan kalanda. In suna cin rabin inci cikin awa biyu, ba hutu ba salla, kwana hamsin da huɗu zai kawo su ƙofata. Wannan da sauƙi. Matsalar ita ce Almu yana cin yadi taran nan kafin in zare allura. Ko su ba su zo ba, shi zai je.

Maganar salatif kuwa ban saka ta a lissafi ba. Na sha rufe gwangwanin sukari gam, in buɗe in tarar da kiyashi sun riga ni.

Sai na tuna ta ce gishiri. Ai ba sai an yi mini bayani ba, na san abin da gishiri ke yi. Shi muke barbaɗa wa naman layya kada ya yi tsutsa. Shi ake shafa wa fata kafin a kai majema. Ina yarinya na ga an zuba wa matsattsaku shi, ya naɗe ya saki ƙafar yayana. In maƙogwaro na ciwo, ruwan gishiri. Duk wani ƙaramin mugun abu da na sani, gishiri na tsayar da shi. Na ce a raina, ashe abin da Malama Ruth ke neman digiri a kai, kakata ta san shi ba ta taɓa riƙe fensir ba.

Talata da Laraba na zuba siririn layi a bakin ƙofata, na rufa masa gefen tabarma. Ba wanda ya lura. Amma Almu yana bayana kwana biyu cur. Da shi nake taka keke, da shi nake tuƙa tuwo. Ya ja mini kitso, ya cije ni a kafaɗa da haƙoransa biyu, zufa ta fito masa da ƙuraje a wuya. Yaron da ya gano daɗin ƙasa ba ya yafe wa zani. Bayana kuma kamar an ɗora mini dutsen niƙa.

Shi ne na yi tunani: in na matsar da layin can kusa da ɗakin Malama Ruth, na ja shi daga bango zuwa bango, ai duk cikin gida ya zama na Almu. Su can, mu nan.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba na fito da mudu guda na gishiri. Bai isa ba, don na yi layin da kauri, faɗin tafin hannu. Sai na daka mandar da innata ta ba ni lokacin jego, na cike sauran. Manda kuwa, gishirin nan na magani, kun san launinta, ja-ja baƙi-baƙi. Layin ya fito fari da ɗigo-ɗigon ja, ya ratsa tsakar gida kamar an yanka ta. Na duba na ga ya yi kyau. Malama Ruth ta riga ta fita da sassafe neman wani abu a kwaleji. Na ce bari rana ta ɗan ɗaga, in share ɓangarenmu tas, in sauke ɗana.

Wallahi na manta ranar ce ranar rantsuwa.

Wajen ƙarfe takwas aka fara kiɗa a ƙofar gida. Magoya baya sun cika zaure, mota na ta oda. Malam Gwadabe ya fito cikin babbar riga ta shadda, ta sha bugu tana ƙara, ƙamshin turare har ɗakina. Hajara na biye da shi da hularsa ta biyu, ko da za a buƙata. Ya yi taku shida ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama.

"Hajara. Mi ne ne wannan?"

Hajara ta leƙo ta gefensa, ta saki hula. "Innalillahi! Malam, kada ka taka! Kada ka tsallaka!"

Ya ja da baya a hankali, ya sauke ƙafar. Ya tsuguna daga nesa yana kallo. "Da jini a ciki. Kin ga ja? Bango zuwa bango, ba a bar mini ko hanyar ɓera ba. Babaji ne. Wallahi Babaji ne."

Babaji shi ne wanda ya kayar a zaɓe.

Ina tsaye a ƙofar ɗaki, Almu na dukan bayana. Na san ya kamata in yi magana. Amma na san kuma in na ce gishiri ne, Hajara za ta ɗauko tsintsiya, aikina ya tashi a banza, ɗana ya ƙara kwana biyu a zani. Sai na ji bakina ya ce, "Gaskiya kam, kada a taɓa shi."

Malam Gwadabe ya ce, "Kin ji mai hankali. Allah shi yi maki albarka, Maman Almu."

Ban yi ƙarya ba, amma albarkar ta tsaya mini a wuya.

Daga zaure Mati direba ya ɗaga murya, don ba ya shigowa gidan matan aure. "Honarabul! Ƙarfe goma za a fara fa! An ce wanda bai zo ba sai dai ya ji a rediyo!"

"Mati, an ɗaure hanya! Ba ni iya hita!"

"Wa ya ɗaure?"

"Maƙiya!"

Zaure ya kaure da salati. Kowa ya kawo shawara ta bayan labule. Wani ya ce a haura katanga. Aka miƙo tsani ta sama, Malam Gwadabe ya tattare riga ya hau mataki uku, ya ga kwalaben da mai gidan hayar ya dasa a kan katangar, ya dubi shaddarsa, ya sauko.

Ni na kawo shawarar katako. Na ce a ɗora shi a kan bulo biyu, ya bi ta sama, layi bai taɓu ba, shi ma bai taɓa layi ba. Kowa ya huta.

Malam Gwadabe ya ce, "To ai ko ta bisa katako, tsallakawa ce. Abin ba ya duba da mi ka tsallaka."

Mati ya ce, "To in shigo in saɓo ka a kafaɗa?"

"In ka ɗauke ni ka tsallaka, wa ya tsallaka, ni ko kai?"

Aka raba gardama biyu a zaure. Wasu suka ce Mati ne ya tsallaka, Honarabul kaya ne. Wasu suka ce sammu da suna ake yin shi, ko a buhu aka sa mutum zai gane shi. Mati da ya ji ana cewa shi ne mai tsallakawa, sai ya tuna yana da ciwon baya. Malam Gwadabe kuma ya ce ba a kiran zaɓaɓɓen kansila kaya, a janye kalmar.

Tara ta wuce. Sitacin rigar ya fara saki, zufa ta zana masa taswira a baya. Ya zauna a kan turmi ya dafe kai. Na ji tausayinsa har raina, don mutumin nan ya yi wata shida yana yawo gida-gida har takalminsa ya huje. Amma duk lokacin da na buɗe baki, sai Almu ya motsa a bayana, in rufe.

Hajara ta ce ita ta san abin yi. Ta shige ɗaki, muka ji tana wanke alluna a bokiti tana tofa addu'a.

Ana haka sai ga Malama Ruth ta ratso zaure da jakarta. Ta tsaya a bakin layin daga ɓangarenta. Ta dube shi, ta dubi kansila a kan turmi, ta dubi tef ɗin ɗinki da ke rataye a wuyana. Ta sunkuya ta dangwala yatsa ta kai baki.

Malam Gwadabe ya yi ihu, "Malama, tofar! Tofar!"

Ita kuwa ni take kallo. Ta ce a hankali, "Maman Almu, zo ki gani."

Na tsallaka layin. Na ji Malam Gwadabe ya ce, "La haula, da goyo!" Ban shiga ɗakinta ba, na tsaya a bakin ƙofa, na juya Almu ya fuskanci waje. Ta jero faranti huɗu a kan tire ta kawo kusa.

"Wannan na farko, babu gishiri ko kaɗan a ciki. Me kika gani?"

Ɗigon nan yana nan yadda na gan shi ranar Litinin. Bai motsa ba.

"Wannan akwai kaɗan." Ɗigon ya buɗe ya zama zobe kamar bakin kofi. "Wannan an ƙara." Zoben ya kai girman bakin ludayi. "Wannan kuma daidai yadda suke so." Na huɗun ya cika farantin har gefe, kamar suna neman ƙofa.

Na ce, "Kin juya tiren ne?"

"Ban juya ba. Auren da na ce an yi musu, ai shi ke nan. Wutsiyar tasu da gishiri take juyawa, irin ta 'yan teku. In babu shi, sai su tsaya cak kamar motoci a layin mai. In ya yi yawa ƙwarai su sake yin sanyi, amma tsaka-tsaki, shi ne abincin injin."

Na ce, "Wato mai na zuba musu? Mudu guda?"

Ta danne dariya da bayan hannu. "Da za su iya fita, kuma da ƙasar a jiƙe take. Ba sa tafiya a busasshen wuri, Maman Almu, iyo suke yi. Sai gishirin ya narke a ruwa kafin ya yi musu amfani. Ga su kuma a rufe, ba inda..."

Ban ji ƙarshen ba, don na waiwaya na ga Hajara ta fito da bokiti cike taf, ta karkata shi a kan layin tana bismilla.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na riƙe bakin bokitin da hannu biyu. "Yaya Hajara, kada ki zuba! Don girman Allah kada ki zuba!"

"Sakar mini, ruwan addu'a ne!"

"Ko na mene ne, ruwa ne! Titi za ki yi musu har ɗakina!"

"Su wa?"

Na ƙwace bokitin na ajiye a bayan turmi, na zari tsintsiya da faranti. Na durƙusa ina sharewa ina kwashewa da hannu, Almu na lilo a bayana yana ƙyalƙyala dariya, don rabonsa da ya kusanci ƙasa haka tun Litinin. Ina kwasa ina magana. Na ce gishiri ne. Na ce jan nan kuwa manda ce ta innata. Na ce ni na zuba bayan asuba, saboda ƙwayoyin Malama Ruth, kuma Babaji bai san ma ana yi ba.



Malam Gwadabe ya miƙe daga kan turmi. Ya zo inda layin yake a da, ya dudduba, ya sa ƙafar dama da bismilla, ya wuce. Sai ya dawo da baya taku ɗaya ya rage murya.

"Maman Almu, abin da ya wuce ya wuce. Amma mutanen ga na zaure, ba sai sun ji zancen gishirin miya ba. A bar shi a kan an yi sammu, Allah ya karya."

Na ce, "Honarabul, ka yi haƙuri, na riga na ɗauki alhakinka yau, ba na ƙara na Babaji." Na matsa jikin labulen zaure na maimaita musu da ƙarfi. Wani ya fashe da dariya, saura suka kama. Mati ya ce, "Honarabul, saura minti ashirin, ko a zo da cokali?" Da gudu suka fita. An ce shi ne na ƙarshe da ya shiga zauren taron, amma an rantsar da shi.

Hajara ba ta yi mini magana ba sai bayan azahar, da ta zo ta ce tunda gishirin ya taɓa ƙasa ba zai shiga miya ba, in ba ta ta kai wa tumakin yayarta.

Almu dai bai sauka ba. Na gaya wa Malama Ruth na ji bayaninta, na yarda da shi, amma ni ba da bayani nake renon ɗa ba. Na tambaye ta in ta gama da su ina za ta kai su. Ta ce kashe su ake yi, a dafa su cikin tukunya mai murfin ƙarfe na minti ashirin.

Na ce, "Minti ashirin ko wake bai nuna ba. Ki kawo su, ni zan dafa."

Ranar Juma'a da hantsi ta yi awonta na ƙarshe, ta rubuta a littafi, ta ce sakamakon ya fi yadda ta zata kyau. Na sa ta dafa su a tukunyarta yadda aka koya mata, ina tsaye. Sannan na kawo tsohuwar tukunyar da ba na girki da ita, na jera farantan a ciki, na haɗa wutar itace irin ta ƙafar saniya. Na hana kowa zuwa kusa da gishiri a hannu. Tana ta cewa ya isa, gilas ɗin na kwaleji ne, ina ƙara itace. Sai da aka sauko daga masallaci na janye wutar. Ta ɗaga faranti guda da cokali ta nuna mini. Babu zobe, babu ɗigo, sai ruwa ruwan ƙasa.

Na ce, "Sun mutu?"

Ta ce, "Maman Almu, sun mutu tun ƙarfe sha ɗaya. Yanzu kakanninsu kike dafawa."

Na share tsakar gida sau biyu, na bar rana ta gasa ta. Sannan na kwance zani, na sauke Almu a tsakiyar fili. Bayana ya yi wata ƙara da Hajara ta ji daga ɗakinta. Ya zauna yana kallon ƙasa kamar bai yarda tasa ce ba. Ya buga ta da tafin hannu. Sai ya kifa, ya kama hanya, gwiwa na bin gwiwa, ya zagaya turmi, ya bi ta ƙarƙashin keken ɗinki, ya fito da zare a ka. Na zauna a kan tabarma na miƙe ƙafa, na bar shi ya tafi har ƙarshen gida.